Kuɗin Motar Dattijo: Sadaka Ko Kwasar Adashi?



Watan jiya aka yi rasuwa a Idi-Araba, wani dattijo ne da mutanen Agege da yawa suka sani, tsohon ɗan kasuwar goro. Ana idar da sallar asuba labari ya iso mana, kafin rana ta ɗaga mun cika mota biyu mun tafi. Da na dawo wajen azahar, sai na iske aminin marigayin, wanda mahaifina yake kira Yaya mu kuma muke kira Baba, zaune a kan bencin ƙofar gidansa, da babbar riga da hula, sandarsa a jingine. Na durƙusa na yi masa gaisuwa, na ce, "Baba, ban gan ku a can ba."

Ya ce, "Ai na fita, ɗana. Na tsaya a bakin titi, danfo uku suka wuce. Ta farko ba ta tsaya ba, tafiya take ana ɗarewa. Ta biyu na ɗaga ƙafa, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ta uku kwandasta ya dube ni ya dubi sandata, ya buga jikin mota suka yi gaba. Sai na dawo." Ya yi shiru, can ya ce, "Shekara hamsin muna tare. Jirgin ƙasa ɗaya ya kawo mu garin nan."

Kunya ta kama ni, don ina cikin motar farko, kuma ta ƙofar gidansa muka bi. Babu wanda ya tuna da shi a cikinmu.

Bayan mako biyu, a hirar da muke yi bayan isha'i, wani daga cikin matasanmu masu boko ya kawo shawara. Ya ce akwai hukumomi da ƙungiyoyi masu ba da tallafi, me zai hana mu rubuta takarda mu nemi a saya wa unguwa Keke Marwa ko ƙaramar bas, wadda za ta riƙa kai tsofaffi asibiti da banki da wajen gaisuwa? Kowa ya ce madalla. Mutum ɗaya ne ya ƙi, kuma shi ne Baba. Ya ce, "Tun da na sauka a tashar Agege ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Kada ku kai sunana wani ofis a ce ga tsohon Bahaushe yana roƙon kuɗin mota. Gara in zauna a bencina."

Wannan magana ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na ɗauki biro. Mutumin da aka bari a bakin titi shi ne ya fi kowa ƙin a taimake shi. Ko dai girman kai ne na tsufa, ko kuwa ya hango wani abu da mu ba mu hango ba. Ni dai na fi karkata ga na biyun. Duk wanda ya zauna a Kudu ya san gorin da ake yi mana da bara, ya san yadda ake haɗa mai shago da mai kwano a kira su da suna ɗaya. Dattijon da ya shekara hamsin yana wanke kansa daga wannan gori da guminsa, ba zai so a ƙarshen rayuwarsa a mayar da shi layin da ya guje wa ba. Saboda haka kafin mu tambayi ina za a samo kuɗin, akwai tambayar da ta riga ta: in an ɗauke wa tsoho kuɗin mota, ko an saya masa abin hawa, me aka yi masa? Sadaka aka ba shi, ko nasa aka mayar masa?

Mu fara da abin da tsoho yake rasawa in fita ta gagare shi. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Mu da muke zaune nesa da gida mun fi kowa sanin haka, don danginmu a nan su ne mutanen Mile 12 da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, kuma ba a riƙe su sai da zuwa suna da biki da dubiya da jana'iza. Wanda aka daina gani, sannu a hankali sai a daina aika masa goron gayyata, daga nan a daina neman shawararsa, wata rana a tambaya, "Wai wane yana nan kuwa?" alhali yana nan da ransa da hankalinsa. Ga kuma asibiti. Mai hawan jini da mai ciwon suga ba zuwa ɗaya suke yi ba, komawa suke yi ta yi. Ga banki in kati ya toshe, ga tantance 'yan fansho da ake cewa sai mutum ya zo da kansa. Iyayenmu mata kuwa nasu ya fi ɓoyuwa. Namiji in ya daina zuwa masallaci za a lura. Tsohuwa in ta daina fita barka da gaisuwa, sai a ce ai Inna ta huta, ba wanda zai tambaya ko hutun da son ranta ne.

Kuma garin da suka sani ya canja a ƙarƙashin ƙafarsu. An soma BRT a 2008 tsakanin Mile 12 da CMS, aka buɗe layin Oshodi zuwa Abule Egba a 2020, wanda shi ne ya fi kusa da mu. Motoci ne masu kyau, sai dai tashoshinsu a tsakiyar babban titi suke, sai ka hau gadar ƙafa ka sauka kafin ka kai gare su. An buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021, jirgin Jan Layi ya soma ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo, har da tasha a nan Agege. Duk ci gaba ne, ba mai musu. Amma wanda gwiwarsa ta gaji, abin da ke gabansa shi ne matakala nawa ce tsakaninsa da kujerar. A ɗaya gefen, an hana okada a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, ciki har da Ikeja, inda babban asibitin koyarwa na jiha yake. Okada ba abin hawan tsoho ba ne ko a da, amma shi ne yake kai mutum har bakin ƙofa. Sai kuma ga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Kuɗin mota ya bi ta. Matashi yana iya rage tafiya da ƙafa ya hau mota ɗaya maimakon biyu. Tsoho ba shi da wannan rangwamen, shi ne ma yake buƙatar shatar keke tun daga ƙofar gida, wato mafi tsada ya faɗa kan mafi ƙarancin samu.

To, mu koma kan tambayarmu. Sadaka tana da siffofinta. Mai bayarwa yana da zaɓi, in ya ga dama ya ba da, in ya ga dama ya hana, ba wanda zai tuhume shi. Mai karɓa kuwa godiya ce tasa, ba shi da bakin cewa ta yi kaɗan ko ta makara. Abu ne mai lada, ba na raina shi. Amma in muka sa kuɗin motar tsoho a wannan layi, to Baba ya yi gaskiya, don mun ce ke nan fitarsa daga gida alfarma ce da wani zai yi masa in ya tashi da farin ciki.

Akwai wani abu da kowace mace a unguwar nan ta sani fiye da mu maza, wato adashi. Kowa yana zubi, kowa yana da ranar kwasa. Ranar da kwasa ta zo kanki, ba ki sunkuyar da kai, ba ki cewa a taimaka, kuɗinki kike karɓa, ko da yake takardun kuɗin da aka miƙo miki daga hannun wasu suka fito a ranar. Ni a ganina haka zaman gari yake tsakanin masu ƙarfi da waɗanda ƙarfinsu ya ƙare. Baba ya yi zubi shekara hamsin. Ya biya kuɗin rumfa da tikitin kasuwa, ya biya kuɗin mota tun zamanin molue, ya biya harajin da ake ɗorawa a kan kaya ko bai san sunansa ba. Da kuɗin ire-irensa aka shimfiɗa titin da yau ya gagare shi tsallakawa. Yaran da suka zo daga Arewa da leda ɗaya a hannu, shagonsa suka kwana kafin su kama sana'a, wasunsu su ne masu motocin da suka wuce shi ranar jana'iza.

Wani zai ce, to wanda bai taɓa riƙe rumfa ba fa? Tsohuwar da ta yi rayuwarta a cikin gida, wane haraji ta biya? Ita ce ta goyi direban, ta yi masa tuwo, ta yi jinyarsa da kyanda. In wannan ba zubi ba ne, ban san abin da ake kira zubi ba. Ko da an sami wanda ba a iya nuna abin da ya zuba, wannan adashin ba na lissafin kwabo da kwabo ba ne. Sharaɗinsa ɗaya ne, cewa duk wanda Allah ya ja kwanansa zai kai ranar da matakalar danfo za ta yi masa tsawo. Mai zubi yau, kansa yake yi wa tanadi. Ni da nake rubutun nan, gwiwata ta hagu ta soma yi mini sallama in na hau gadar Oshodi.

Wannan tunani ba mu muka fara shi ba. A Birazil, tsarin mulkinsu na 1988 ya rubuta ƙarara cewa wanda ya haura shekara 65 yana hawan motocin haya na cikin gari kyauta. Sun sa shi a cikin tsarin mulki don kada ya zama kyautar wani gwamna da za ta tafi in ya tafi. A Ingila, tun watan Afrilu na 2008, wanda ya kai shekarun da aka ƙayyade yana da katin hawa bas kyauta a ko'ina cikin ƙasar, in an wuce cunkoson safiya. Kuma ba a tambayarsa nawa yake da shi a banki. Wannan na ƙarshen ya fi jan hankalina. Da an ce katin na matalauta ne kaɗai, da ya zama tambarin talauci, mai mutunci ya ɓoye shi ko ya ƙi karɓa. Da aka ce na kowane tsoho ne, sai ya zama kamar furfura, shaidar shekaru kawai. In mun tashi yin namu, mu yi shi da shekaru. Alhaji mai mota a gida ba zai damu da kujerar keke ba, amma kasancewar sunansa a takarda ɗaya da na Baba shi ne zai sa Baba ya hau ba tare da ya waiwaya ba.

Na san akwai masu ja, kuma maganganunsu suna da nauyi. Na farko su ne masu cewa ɗaukar iyaye aikin 'ya'ya ne, in muka ɗora wa hukuma ko kwamiti, mun koya wa yara sakaci. Gaskiya ne haƙƙin iyaye yana wuyan 'ya'ya, babu tallafin da zai sauke shi. Amma ku dubi yadda muke rayuwa. Ɗan da yake dako a Mile 12 ko yake bin tirela a Apapa, da duhu yake fita da duhu yake dawowa, ranar da ya zauna ya kai uwarsa asibiti ranar ba a ɗora tukunya. Wasu 'ya'yan sun koma Arewa, wasu sun riga iyayensu, wasu tsofaffin Allah bai ba su haihuwa ba. Sannan ko ɗa ya kai kowa biyayya, ba shi ne zai rage tsawon matakalar mota ba, ba shi ne zai sa direba ya tsaya cak ba. Akwai abin da yake aikin gida, akwai wanda yake aikin gari. Ƙari a kan haka, uban da duk fitarsa sai ya jira yaro ya sami sarari, ya zama mai neman izini a gidan da ya gina. Da yawansu sun gwammace su ce ba sa jin fita da su yi ta tambaya.

Na biyu su ne masu cewa kuɗi kaɗan ne, buƙata da yawa. Ga yara ba kuɗin makaranta, ga matasa ba jari, ga kwata ta toshe, a ce sai motar tsofaffi? Ba zan ce muku tsoho ne kullum a gaba ba. In aka ajiye mini kuɗin jarrabawar marainiya da kuɗin kai dattijo biki, marainiya zan ba, kuma na san dattijon ma haka zai ce. Sai dai sau da yawa ba haka zaɓin yake zuwa ba. Tsohon da ya tsallake ganin likita wata uku saboda wahalar hanya, in hawan jini ya kayar da shi ɓarin jiki ya shanye, gidan gaba ɗaya ne zai biya, kuma yawanci yarinyar da muke kare wa kuɗin makaranta ita za a cire ta zauna jinya. Sannan duk abin da ya yi wa tsoho daidai, ya yi wa mai juna biyu, ya yi wa mai goyo da kaya a ka, ya yi wa gurgu da makaho da wanda ya fito daga tiyata. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a da ababen hawa yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Kowa ya fita titi ya auna da idonsa.

Na uku maganar da ba a cika faɗa da ƙarfi ba, amma tana cikin zukata: mu baƙi ne, wa zai kula mu, kuma ina mu ina neman haƙƙi a garin mutane? Hausawa suna Agege tun zamanin da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, kakanninmu suka zo sayen goro suka kafa zango. Akwai gidajen da aka haifi kaka da jika a cikinsu. Jihar da kanta ta kafa hukumar LASRRA don yi wa mazauna rajista, kuma abin da take tambaya shi ne ina kake zaune, ko daga wace jiha ka fito. Wanda aka karɓi harajinsa a matsayin mazauni, ya dace a ɗauke shi a mota a matsayin mazauni. Malamai suna kawo labarin Sayyidina Umar, cewa ya ga wani tsoho Bayahude yana bara don ya biya jiziya, sai ya kama hannunsa, ya ɗauke masa harajin, ya sa a yanka masa abin da zai rayu daga baitulmali, saboda ba adalci ba ne a ci ƙuruciyar mutum a yar da shi da tsufansa. Abin lura, mutumin ba na cikin jama'ar Umar ba ne ta addini, zama ne ya haɗa su. Wannan ma'aunin muke nema a auna mu da shi. Amma fa ma'auni baki biyu gare shi. In mun sami motar, to Mama Bayarabiyar da muke katanga ɗaya da ita, da tsohon Inyamurin da yake sayar da kayan gyara a bakin layi, kujerarsu tana ciki. Ba za mu nema da sunan mazauna mu raba da sunan ƙabila ba.

Da na gama tsara wannan a kaina, na koma wajen Baba na zayyana masa maganar adashi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi murmushi, ya ce, "To na ji, adashi ne. Wace ce uwar adashin?"

Nan ya kama ni, don nan ne gizo yake saƙa. Duk mun ga yadda tallafi yake ƙarewa. A zo da 'yan jarida, a jera tsofaffi a rana, a ɗaura wa keke kyalle a yanka, a ɗauki hoto. Bayan wata shida taya ta fashe ba kuɗin canjawa, bayan shekara a ga keken yana lodi a tasha da ɗan wani a kai. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Irin wannan ya fi rashin tallafin muni, don an yi amfani da fuskar dattijo an ci abinci, shi kuma yana nan a bencinsa, ga tozarci a kai.

A Amurka akwai wani tsari da ake kira Sashe na 5310, inda gwamnatin tarayya take ba jihohi kuɗi, su kuma su miƙa wa ƙungiyoyin al'umma don sufurin tsofaffi da masu naƙasa, kamar sayen ƙananan bas masu na'urar ɗaga keken guragu. Abin da ya burge ni shi ne rabon nauyin. A sayen mota, tarayya tana biyan har kashi 80 cikin ɗari. A kuɗin tafiyar da ita kuwa, irin su mai da albashin direba, ba ta wuce kashi 50, sauran sai mutanen wurin su nemo. Sun gane abin da duk mai doki ya sani, cewa sayen doki rana ɗaya ne, ciyawa kullum ce. Kuma abin da mutum ya sa kuɗinsa a ciki, yana sa ido a kansa.

Saboda haka in za mu nemi tallafi, kuma ina ganin mu nema, ga abin da nake ba da shawara. Mu fara namu zubin kafin mu rubuta takarda. A ce gida 200 kowanne ya ba da naira 500 a wata, an sami naira 100,000. Ba za ta sayi mota ba, amma za ta nuna mana ko za mu iya riƙe ta, kuma wanda ya je ofis da littafin zubi na wata shida a hannu, abokin tarayya ne ya zo, tsayuwarsa daban take da ta mai roƙo. Kuɗin da ya shiga da wanda ya fita a rubuta a allo inda kowa zai gani, a karanta duk ƙarshen wata. A sa iyaye mata a cikin masu riƙon, don su ne suka san wace tsohuwa ce ta kwana biyu ba ta leƙo ba, su ne kuma suka iya adashi. A tambayi tsofaffin da kansu ina suke son zuwa da wace rana, kada mu zauna mu yanke musu cewa asibiti kaɗai ya kamace su, kamar dai wanda ya tsufa ba shi da sauran aboki. Sharaɗi na ƙarshe, ba hoto. Duk mai bayarwar da ya ce sai an jera masa iyayenmu ya ɗauka, a yi masa godiya ya riƙe abinsa.

Wajen hukuma kuma, buƙatarmu ba mai wuya ba ce. A watan Agusta na 2023, bayan cire tallafin mai, gwamnatin jiha ta rage rabin kuɗin hawa BRT na ɗan lokaci ga kowa da kowa. Tunda da katin Cowry ake biya, umarni ɗaya ya isa. Abin da aka iya yi wa kowa na ɗan lokaci, ana iya yi wa tsofaffi na dindindin. A tarayya ma akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa wa dokarta hannu a 2018. Shugabanninmu na unguwa da kansilolin da suke zuwa neman ƙuri'unmu, wannan ce maganar da ya kamata su riƙa ɗauka zuwa sama, tare da sauran maƙwabtanmu, don ciwon gwiwa bai san yare ba. Mu kuma namu shi ne mu tabbatar kowane dattijo da kowace tsohuwa suna da katin zama, kada ranar rabo a ce ba a san da su ba.

Akwai kuma abin da ba ya jiran tallafin kowa. Masu keke nawa ne a layin nan 'ya'yanmu? Ku tsaya cak in tsoho zai hau, ku jira ya zauna ya gyara rigarsa kafin ku murɗa. Ku ajiye 'yar kujerar katako a ƙarƙashin kujera don takawa, kafinta zai haɗa muku da ragowar katako. Wanda Allah ya hore wa mota, in zai bi ta Ikeja da safe, ya leƙa gida biyu ya tambaya ko akwai mai zuwa asibiti. In an yi rasuwa ko suna a wata unguwa, kafin matasa su cika mota a fara zagayawa a ɗauki dattawa, kujerar gaba tasu ce. Kuma in ka ɗauki tsoho ya zaro kuɗi ya miƙo maka, kada ka ce masa ka bar shi sadaka. Ka ce, "Baba, ai kun riga kun biya."

Baba dai har yanzu bai ce ya yarda a kai sunansa ofis ba, ni ma ban matsa masa ba. Abin da ya ce shi ne in an fara zubin a zo a karɓi nasa, shi ne na farko. Ranar Lahadi mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma Idi-Araba mu gai da iyalan marigayin, mota za ta tsaya a ƙofar gidan Baba da ƙarfe tara. Duk wanda ya san wani dattijo ko wata tsohuwa da suke son zuwa, ya sanar da mu bayan sallar Juma'a, akwai sauran kujeru.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu ma in tamu ta zo a tsaya mana.